Inno da Fina-finan Baɗi

Duk ƙarshen shekara shagona cika yake yi, kuma rabin masu cika shi ba ciniki ne ya kawo su ba. A daidai lokacin ne masu shirya fim a Kano suke sakin tallan abin da za su fitar baɗi, sai samarin Gwiwa su zo su jeru a bencina, wayoyinsu na caji, suna musun wanne zai fi wanne. Fim ɗin da ko gama ɗaukarsa ba a yi ba, sai ka ji mutum ya rantse ya san ƙarshensa. Ni Kaumi sana'ata ke nan, tura fina-finai a waya da cajin batir, a bakin kasuwa kusa da masu gyaran babur. Musun nan ya ishe ni, amma da shi nake ci, dole nake haƙuri.

A cikin masu jiran fina-finan baɗi akwai mutum ɗaya da ba ta taɓa musu da kowa ba, kuma duk ta fi su jira. Sunanta Saude, amma Inno kowa yake ce mata. Bafulatana ce mai tallan fura da nono, daga wata ruga a gindin duwatsu ta wajen Roni. Doguwa ce siririya, ba ta da sauri ba ta da nawa, kuma Allah Ya ba ta baki. Duk ranar kasuwa a inuwar rumfata take sauke ƙwarya, ba ta taɓa neman izinina ba, don a cewarta bawa ba ya hana uwargijiyarsa inuwa. Ni Babarbare ne, kun kuwa san abin da ke tsakaninmu da Fulani.

"Kai Babarbare, har yanzu ba ka samu aikin yi ba?" Gaisuwarta ke nan.

Ni kuma in ce, "Ina fa, Inno, ina jira ki koya min yadda ake mayar da ruwan rijiya nono."

Sai ta ja tsaki ta dama min fura, ta fi ta kowa kauri.

A da, Inno ba ta ɗauki fim a bakin komai ba. Ɗakin aljanu take kiran shagona. Takan ce ba ta ga dalilin da mutum mai hankali zai zauna yana kallon ƙaryar wasu ba, alhali ga ƙaryar 'yan kasuwa nan kyauta a gabansa. In ina gwada wa wani fim a kwamfuta, juya mana baya take yi ta ci gaba da jera ludayinta.

A wajen Babura aka haife ta, aure ya kawo ta rugar su mijinta Muhammadu Lawal tun garkensu na garke. Yanzu shanun sun ragu, gero da gyaɗa suka ɗauke rabin gidan, sauran rabin kuma yana kan ƙwaryar nan da take ɗaukowa. Ta haihu da dama, wasu sun koma tun suna goye. Waɗanda na sani biyu ne: autarta Bahijja, wadda ke rako ta kasuwa, da ɗanta na fari, Musaddiƙ.

Kunyar ɗan fari kowa ya san ta a ƙasar nan, amma ta su Inno daban ce. Tun da aka yaye Musaddiƙ aka kai shi ɗakin kakarsa, a can ya tashi, bukka biyu tsakaninsa da mahaifiyarsa. Ba ta taɓa kama sunansa ba. In dole ta kama a yi maganarsa, Hamman Bahijja take cewa, wato yayan Bahijja, kamar ɗan maƙwabta. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta haɗa ido da shi, in an yabe shi a gabanta sai ta tashi ta ba da wuri. Shi ma ya iya nasa. In yana son ta san wani abu, sai ya tsaya a tsakar gida ya faɗa wa Bahijja da ƙarfi, ita kuma Inno ta ba Bahijja amsa tana kallon turmi. Haka suka yi ta hira shekara da shekaru, kuma kowa a rugar yana yaba mata, ana cewa Saude ta riƙe kunya.

Na san yaron sosai, yakan kawo caji. Wankan tarwaɗa ne mai yawan dariya, yana son fina-finan faɗa, kuma ba ya yarda a goge masa tsoho don a zuba sabo, sai dai ya sayi wani memorin.

Wata kaka, bayan an yi girbi, masu fim suka zo daga Kano da motoci, suna neman duwatsu da shanu. Duwatsu ba sai an roƙa ba, shanu kuwa aka nuna musu gidan Muhammadu Lawal. Musaddiƙ ne ya kora musu garken. Rugar gaba ɗaya ta tafi kallo, har tsofaffi masu dogara sanda, ban da Inno. Ina uwa za ta je ta tsaya a cikin jama'a tana kallon ɗanta na fari? Ta zauna a gida tana kaɗa nono.

Da yamma ya dawo, ya tsaya a tsakar gida kamar yadda ya saba. Bahijja ce ta ba ni labarin daga baya. Ya ce, "Bahijja, kin ga dai da idonki. Na bi bayan shanu, sannan suka ce in juyo, suka kawo na'urar har gaban fuskata, na yi musu dariya. Sun ce baɗi zai fito. Duk wanda bai je ba zai gani a waya."

Inno ta ce wa turmi, "Mutum dai ya je ya ɗaure maruƙa."

Da rani ya yi tsanani ya bi 'yan uwansa kudu da shanu, kamar kowace shekara. A can maciji ya sare shi a daji, kafin a kai shi gari rai ya yi halinsa. A can aka binne shi. Wayarsa ma ba ta dawo ba, a hidimar ɗaukarsa ta faɗi, babu wanda ya bi ta kanta. Shanu suka dawo da damina a hannun wani.

Na je gaisuwa. Kakarsa ce take kuka, ita aka kewaye. Inno tana gefe tana zuba wa baƙi ruwa. Da na ce mata Allah Ya ba da haƙuri, sai ta ce, "Amin. Ka shiga ka gaishe da tsohuwa, ita aka yi wa rashi." Idonta a bushe. Na fito ina jin haushin al'adar nan har cikin raina, kuma har yau ban huce ba.

Ta ɗan jima ba ta zo kasuwa ba. Ranar da ta dawo ba ta zage ni ba, na san da magana. Sai da ta sayar da rabin nonon, mutane suka ragu, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Babarbare, an ce wata saniyarmu ta shiga fim. Fara ce, mai karyayyen ƙaho. In ya fito ka gaya min, ina so in ga yadda ta yi."

Na buɗe baki zan yi mata tsiya, sai na ga Bahijja a bayanta tana girgiza min kai, hawaye na zubo mata. Na haɗiye maganar. Na ce, "To, Inno. In ya fito ke za ki fara gani."

Daga ranar muka sa masa suna fim ɗin saniya. Ni na san ba saniya take nema ba, ita ma ta san na sani, amma a kan saniyar muka tsaya. Akwai hoton Musaddiƙ guda ɗaya a gidan, na katin shaida, Bahijja ta taɓa ajiye mata shi a kan faifai kamar ta manta. Inno ta dube shi ta gefen ido ta ce wannan ai an dasa mutum ne kamar turke, ba ya tafiya ba ya dariya. Abin da take so shi ne wanda aka ce ya juyo ya yi dariya, ta kalle shi ido da ido sau ɗaya, abin da ba ta yi ba yana raye.

Gano fim ɗin bai yi wuya ba, Bahijja ta riƙe fuskar jarumin. Sunansa dai ba zan faɗa ba, don har gobe ina jin haushin masu shi, ba zan yi musu talla kyauta ba. Da shekara ta zo ƙarshe sai ga tallansa a cikin na baɗi, an rubuta yana nan tafe da ƙaramar Sallah. A tallan akwai duwatsunmu, akwai jarumi da jaruma, babu ko jelar saniya. Duk da haka na nuna wa Inno. Ranar ce ta fara duban kwamfutata tun da na san ta. Ta ce, "Wannan dutsen na san shi. To Allah Ya kai mu Sallar."

Ƙaramar Sallah ta zo ta wuce, shiru. Aka ce sai babbar Sallah. Ita ma ta wuce. Daga nan labari ya zo wai masu fim ɗin sun saɓa a tsakaninsu, kowa ya riƙe abin da ke hannunsa. Fina-finai kuwa suka yi ta fitowa kamar fara, waɗanda ba wanda ya roƙa. Duk ranar kasuwa Inno za ta sauke ƙwarya, ta zage ni, ta dama min fura, can kuma ta ce, "Babu labarin saniyar nan?" In ce babu. Ta ce, "Ai ba gudu take yi ba."

A cikin wannan jiran har ta zama masaniya. Ta san fina-finai da Sallah suke fitowa, ta san talla daban fim daban, ta san in aka ce yana nan tafe to yana iya shekara bai iso ba. Samari suna musunsu, tana gefe ta kasa kunne, ko wani zai ambaci nata. Wata rana na ji tana gyara wa wani yaro zance a kan wanda za a fara saki, yaron ya saki baki yana kallonta.

Damina ta yi gardama a shekarar, Muhammadu Lawal ya sayar da shanu uku don a ci, har da farar mai karyayyen ƙaho. Inno ba ta fasa tambaya ba. Masu gyaran babur suka samu abin dariya, wai ga tsohuwa tana bege a kan saniyar da aka riga aka ci a Kano. Na taɓa korar ɗaya daga cikinsu daga shagon a kan haka, na ce ya kai cajinsa gaba. Bai san laifinsa ba, ni kuma ba ni da bakin gaya masa.

Shekara ta sake zagayowa, tallan ya sake fitowa a cikin na baɗi, an canza masa kiɗa. Wannan karon da gaske suke. Bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki wani abokin sana'ata a Kazaure ya kira ni ya ce ya shigo. Na rufe shago na hau babur. A shagonsa na zauna na bi fim ɗin daga farko har ƙarshe, ba labarin nake bi ba, shanu nake nema.

A cikin waƙa na same su. Jarumi da jaruma suna rawa a kan dutse, sai a can bayansu garke ya gifta, da mutum a bayan garken, sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa a kanta. Bayansa kawai ake gani. Kafin ka kurɓi ruwa ka ajiye kofi an koma kan masu rawa. Na sake bi, na kuma bi, ko na tsallake wani wuri. Babu. Wurin da ya juyo ba su sa ba.

Ban san lokacin da na fara zagin mutanen da ba sa ji na ba. A hanyar dawowa na yi ta tunanin in ce mata bai fito ba. To amma yara sun riga sun gani a wayoyinsu, gara ta ji daga bakina.

Ranar kasuwa na bari sai bayan la'asar, na kori samari na ce na tashi. Na ce, "Inno, saniyarki ta iso." Ta ajiye ludayin da ke hannunta a hankali. Ta gyara mayafi, ta cire takalmi a ƙofa kamar za ta shiga ɗakin surukai, ta zauna a bakin benci. Bahijja ta tsuguna kusa da ita. Na sayo ƙofar, na kai fim ɗin wurin shanun, na kunna, na kau da kaina gefe don in ba ta wuri.

Abin ya zo ya wuce. Bahijja ta fashe da kuka. "Yaya Kaumi, shi ke nan? Ba su nuna fuskarsa ba. Wallahi a gabana ya juyo."

Inno ta ce, "Yi mana shiru. Babarbare, kashe kiɗan nan, ka mayar."

Na kashe sautin na mayar. Ta matso har numfashinta na taɓa gilashin.

"Mayar."

Na mayar, na rage masa gudu yadda mutum zai ga kowane taku.

"Ga hular nan a karkace," in ji ta. "Kullum sai ta karkace ta dama. Kin ga ƙafar hagun? Tun yana yaro da kututture ya soke shi yake ɗan ɗage ta haka. Rigar nan kuwa ni na saya, na ba ki na ce ki ce kakarku ce ta saya."

Bahijja ta ɗago ta dube ta. Inno ba ta kula ba, idonta na kan gilashin. Ba da ni take magana ba, ba kuma da Bahijja ba.

"Ni ai ta baya na san shi. Kullum da safe in zai fita da shanu ina bayan zana ina leƙe, har sai ya sha kwanar dutse. In ya waiwayo sai in sunkuya. Yakan waiwayo kuwa, ya san ina wurin."

Sau nawa muka mayar ban sani ba. Daga baya na bar fim ɗin ya tafi ƙarshe don ta tabbata babu wani wurin, sai rubutu ya fito manya-manya. Ta tambaya me aka ce. Kafin in hana, Bahijja ta karanta mata: kashi na biyu yana nan tafe baɗi.

Fuskar Inno ta washe, irin yadda ban taɓa gani ba. Ta ce, "To ai shi ke nan. Nan ya ba da baya, a na biyun zai juyo. Dama ba a nuna komai a rana ɗaya." Ta tashi ta sa takalmi, ta ɗauki ƙwarya, har da ce min bawan kirki.

Ni na san yadda ake kashi na biyu, don haka hankalina bai kwanta ba. Na bi ta hannun abokina na Kazaure, shi kuma ta hannun wani, har na samu lambar wanda ya tace hoton fim ɗin. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har na gama. Ya ce ya tuna yaron, ya ce dariyarsa ta yi kyau ƙwarai, amma waƙar ta yi tsawo dole aka rage. Na ce to a taimaka a turo min wurin da aka rage, ko yaya yake. Ya ce in an gama aiki share ragowar ake yi don a samu wurin zuba wani, kuma nasu an share tuni. Kashi na biyu kuwa an riga an ɗauka, duk a cikin gidajen Kano, babu daji babu shanu. Ya yi ta ba ni haƙuri. Ban iya zaginsa ba, don ni ma abin da nake yi wa memorin mutane ke nan kullum, a goge tsoho a zuba sabo.

Kasuwa biyu ina ɗauke da maganar. Inno kuwa ta dawo da kuzarinta, tana lissafin watanni da bakinta, tana tambaya ko da ƙaramar Sallah za a saki na biyun ko da babba. Na ga in na bar ta, wata shekarar za ta sake ci tana jiran abin da babu shi. A kasuwa ta uku, da mutane suka ragu, na fito na tsuguna a gaban ƙwaryarta.

Na ce, "Inno, na yi magana da masu fim ɗin. Wurin da ya juyo sun goge shi. A na biyun ma ba ya ciki. Ba zai juyo ba, Inno."

Ban ce saniya ba, ita ma ba ta gyara min ba. Ta ɗauki faifai ta rufe ƙwaryar, ta daidaita shi, ta sake daidaita shi. Ta daɗe a haka.

"Sun dai gani kafin su goge?"

"Sun gani. Wanda na yi magana da shi ya ce dariyarsa ta yi kyau."

Ta gyaɗa kai. Hawaye suka gangaro mata a nan bakin kasuwa, a gaban masu gyaran babur da kowa, ba ta share ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

Ta ce, "Mutanen Kano da ba su haife shi ba sun tsaya a gabansa sun kalli fuskarsa son ransu, da suka gama suka share. Ni ranar ina gida ina kaɗa nono, ana cewa na riƙe kunya."

Wata mata ta zo sayen fura, ta ga yanayin ta juya. Inno ta kira ta ta dama mata, ta sallame ta. Sannan ta dube ni.

"Babarbare, kunna min bayan nasa."

Na tashi na kori samarin da ke kan benci.